Yadda za ka tsare kayan da aka aiko maka har su shiga cikin gida

Atamfa da leshi kan taso daga Kantin Kwari da hantsi, su ratsa Bichi da Tsanyawa da Gidan Mutum Ɗaya da Kankia, tafiyar kusan kilomita 170, su iso Katsina kafin la'asar ba abin da ya taɓa su. Sannan su ɓace tsakanin bakin ƙofa da tsakar gida, wurin da bai kai taku ashirin ba. Wanda ya aiko yana da hoton kayan, direba ya rantse ya sauke, mai babur ya ce ya miƙa wa wani yaro a ƙofar gida, matar gida kuma ta ce ita ko sallama ba ta ji ba. Kowa gaskiyarsa yake faɗa, kaya dai babu.

Dalilin yana cikin tsarin zamanmu. Baƙo namiji ba ya wuce zaure. Maigida yana kasuwa ko ofis tun safe. Mai kawo kaya yana da wasu gidajen biyar da zai je, mai yana ƙonewa, don haka duk yaron da ya tarar a ƙofa ya ce shi ɗan gidan ne, shi zai miƙa wa. A sababbin unguwanni irin su Barhim ko Goruba, inda gidaje masu get ne, matsalar takan juya: an buga get ba a buɗe ba, sai a jingine kwali a gefe, ko a bar wa mai gadin maƙwabta, a kira waya a ce an ajiye. Ɓarawon irin waɗannan kaya ba ya fasa ƙofa, ba ya haura katanga. Jira yake yi kaya su zauna a wurin da ba su hannun kowa, ko kuma ya miƙa nasa hannun a matsayin naka. Duk abin da zai biyo baya ƙoƙari ne na hana kaya zama ba mai su, ko da na minti biyar ne.

Tun kafin kayan su taso

Rabin aikin yana hannun mai aikowa, kuma kai ne za ka gaya masa yadda kake so. Kada kwalin asali ya fito fili. Kwalin waya ko na talabijin ko na keken ɗinki da hotonsa a jiki talla ne ga duk wanda ya gani. A saka shi cikin wani kwalin da ba rubutu, ko a cusa a buhu a ɗinke bakin, a naɗe da salatif ta tsaye da ta kwance. Mai aikowa ya ja layi da maka, wato alƙalami mai kaurin baki, ko ya sa hannu a kan mahaɗar salatif ɗin, yadda idan an ɓare an mayar layin ba zai haɗu ba. A jiki a rubuta sunan mai karɓa da lambobin waya biyu da sunan gari. Ba a rubuta abin da ke ciki, ba a rubuta kuɗinsa. Direba ko ma'aikacin kamfani yana da hakkin ya san abin da zai ɗauka, a nuna masa kafin a rufe, amma ba sai duk tasha ta karanta ba. A jefa wata takardar mai suna da lamba a cikin kwalin, saboda rubutun waje ruwa kan wanke shi, ko a goge shi da gangan.

Kafin mota ta tashi ka karɓi hotuna uku ta WhatsApp: kayan a buɗe, kayan a rufe yadda za ka gane su, da rasit ko takardar tasha. Ka karɓi sunan direba da lambar wayarsa da lambar motar. Idan waya ce aka saya maka, ka ce a ɗauko maka hoton lambar IMEI da ke jikin kwalinta, lambobi 15 ne. Da ita za ka tabbatar wayar da ta iso ita ce aka saya, domin kana danna *#06# za ta fito a fuskar wayar, kuma ita 'yan sanda za su fara tambaya idan an sace.

Sai kwatancen gida. Yawancinmu ba mu da lambar gida da mai babur zai bi, sai a ce bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, kusa da taransifoma. Irin wannan kwatance shi ke sa mai kawo kaya ya tsaya a bakin layi yana tambayar gidan wane da ƙarfi, da kwali a bayan babur, duk mai zaman banza ya ji suna ya ga kaya. Ka tsaya a ƙofar gidanka ka tura masa alamar wurin ta taswirar WhatsApp, ka haɗa da hoton ƙofar. Abu ne na minti ɗaya, kuma ka ajiye su a waya don gaba.

Mutum ɗaya, da sunansa

Wannan ne ginshiƙin maganar. Kada ka taɓa cewa "ka ba duk wanda ka samu a gidan". Wannan magana izini ce ga mai kawo kaya ya miƙa wa kowa, kuma idan kaya suka ɓata ba ka da bakin tuhumarsa, kai ka faɗa. Ka zaɓi mutum ɗaya, ka faɗi sunansa da lambarsa da kamanninsa: ƙanena ne, dogo, zai fito da wayarsa a hannu, zai kira ka kana tsaye. Wannan kiran shi ne shaida mafi sauƙi. Mai karɓa ya kira lambar mai kawowa suna fuskantar juna, wayar ta yi ƙara, lambar da ta fito ta dace da wadda ka bayar. Wanda ya zo da ƙarya zai iya sanin sunanka da sunan matarka da ma abin da ke cikin kwalin, amma ba zai iya kira da layin ƙanenka ba.

A kan wannan ka ƙara kalmar sirri. Lambobi huɗu sun isa, ka ƙirƙira su don wannan saƙon kaɗai, ka tura wa mai kawowa da mai karɓa kowa daban. Ƙa'idar ita ce mai karɓa ne zai faɗa, mai kawowa ya saurara. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mai babur ya riga ya tambaya, "Lambar ita ce 4172 ko?", a ce masa e. To an gama, lambar ba ta tsare komai ba. Kada ka yi amfani da ƙarshen lambar wayarka, domin tana rubuce a jikin kwalin. Wasu kamfanonin aika kaya su da kansu suke turo irin wannan lamba ta saƙon waya. Ita ce sa hannunka. Ba a karanta ta ga kowa ta waya, sai kaya suna gabanka ka gan su. Da zarar an shigar da ita, a wurin kamfani ka karɓa ke nan, ko da kayan suna can wata unguwa.

Idan matar gida ce kaɗai, kuma ba za ta fito ba, a tsara abin tun da wuri. Mai kawowa ya kira ta a waya yana ƙofa, ta faɗa masa lambar da ka ƙirƙira, ta gaya masa sunan yaron da za ta turo da launin rigarsa, kuma kada ya tafi sai ta ce kaya sun shigo hannunta. Minti biyu zai ƙara. Mai babur da ba zai iya wannan jiran ba, a nemi wani. Shi yaron kuma ya kai shekarun da zai riƙe kaya ya kuma gane mutum, kamar sha biyu zuwa sama. Ba a tura ɗan shekara shida ya karɓo waya, ba don zai ɓatar ba, sai don babba na iya tare shi a zaure ya ce kawo in riƙe maka.

Lokaci ma a yanke shi. "Yau zan kawo" ba lokaci ba ne. A ce tsakanin ƙarfe goma da sha biyu, kuma ya kira kafin ya taso. Akwai lokutan da unguwa ke zama wayam ko hankali ke rabuwa: lokacin sallar Juma'a da maza suka tafi masallaci, tsakanin azahar da la'asar a watannin zafi da kowa ya shige ɗaki, da gab da magariba, musamman da azumi ana haramar buɗa baki. Ranar biki ko suna ko zaman makoki kuwa, gida cike yake da baƙin fuska, kowa na iya cewa shi ɗan gida ne, ba wanda zai musa. Kayan lefe da ɗinkin biki sun fi ɓata a irin wannan rana. A karkatar da su gidan wata 'yar'uwa da ba a taro, ko a jinkirta. Goman ƙarshe na azumi ma haka, lokacin da kayan sallah ke kwarara, masu kawowa sun gaji, kwalaye sun yi kama da juna.

Kayan da suka zo ta tasha

Saƙon da aka ba direba ya fi araha ya fi sauri, amma direba ba gidanka zai kawo ba. Yana isowa zai kira sau ɗaya ko biyu, in ba ka ɗauka ba ya ajiye a ofishin 'yan ƙungiya ko wurin wani ɗan kamasho ya juya. Daga nan kayan sun bar hannun wanda ya san fuskar mai aikowa. Don haka ka kira direba tun yana hanya, ka ce ya yi maka waya idan ya wuce Charanchi, ka riga motar isa tasha. In ba za ka samu zuwa ba, ka nemi a ajiye a ofishin ƙungiyar direbobi a rubuta a littafi, ka karɓi sunan wanda ya ajiye da lambarsa, kada a bar su a wurin mai shayi ko mai faci don kawai direba ya san shi. Kada kaya masu daraja su kwana a tasha.

Idan mai babur ko mai Napep za ka tura ya ɗauko, ya zama wanda ka san gidansu ko inda yake tsayawa kullum, ka tura wa direba sunansa da lambarsa. Nan ne hannuwa ke yawaita: mai shago, yaron shago, direba, ɗan kamasho, mai babur, yaron gida. Kowane miƙi ƙofa ce. Duk inda za ka iya rage hannu ɗaya, ka rage. Kaya masu tsada irin su kwamfuta ko gwal ko takardun makaranta, gara ka je ofishin kamfanin ko gidan waya da katin shaidarka ka karɓa da kanka, ko da za ka kashe kuɗin mota. Inshora kuma, inda kamfani ke yi, ba ta aiki sai an bayyana ainihin kuɗin kayan tun farko. Wanda ya rage kuɗin don a rage masa caji, abin da ya rubuta shi za a duba ranar biya.

Dabarun masu karɓe kaya

Mafi yawan wasan sojan gona ne. Wani zai tsaya kusa da ƙofa, yana ganin babur da kwali ya taho sai ya tare shi da fara'a: "Na Alhaji ne ko? Kawo, yanzu ya kira ni." Sunan ya karanta a jikin kwalin, ko ya ji ana tambaya a bakin layi. Kiran waya da kalmar sirri suna kashe wannan.

Akwai wadda ta fi ta wayo, ita kuma bayan an kawo kayan ake yin ta. Minti goma da tafiyar mai babur sai a yi sallama, a ce an yi kuskure, kwalin na wani gida ne, a miƙo a musanya. Ko a ce maigida ya ce a kai masa shago. Matar gida ba ta ga fuskar na farko ba, ba ta da yadda za ta bambance. Dokar gida ta zama guda: abin da ya shigo ba ya fita sai maigida ko mai kayan ya faɗa da bakinsa a waya, kuma matar ce za ta kira shi a lambar da ta sani. Ba a karɓar wayar baƙo a ce "ga shi ku yi magana", domin murya a waya cikin hayaniya kowa na iya kwaikwaya. A gaya wa yara da masu aiki wannan doka a fili, a kuma gaya musu ba rashin kunya ba ne su ce wa babba "Baba, yi haƙuri, bari a kira shi tukuna".

Ta uku ba kwali take nema ba, asusunka take nema. Za a kira a ce kayanka sun maƙale, sai ka biya wani kuɗi, ko a ce za a turo lamba ka karanto don a tabbatar da adireshi. Ka karanta saƙon da ya shigo da kyau. Idan daga banki yake, ko daga WhatsApp, ba shi da alaƙa da kaya. Mai kawo saƙo ba shi da abin yi da BVN ko lambar sirrin katinka. Kuɗin kaya kuma asusun da kuka yi magana tun farko da mai sayarwa ake tura wa, ba sabon asusun da aka turo a ƙofar gida ba.

Idan biya ake yi bayan an kawo, a buɗe a gaban mai kawowa in tsarin kamfanin ya yarda. In bai yarda ba, a duba salatif da layin makar nan, a jijjiga a ji nauyi, sannan a ɗauki bidiyon buɗewa tun daga kwali a rufe har abin da ke ciki, ba tare da yankewa ba. Kwalin da aka ga alamar an ɓare, kada a sa hannu, a ɗauki hoto a kira mai aikowa nan take.

Gidan da ba kowa da rana

Ma'aikata da ɗalibai da masu zaman haya su ne abin ya fi shafa. Hanya mafi sauƙi ita ce a sauya wurin karɓa, a kai ofis ko shago inda kake zaune. In ba hali, a nemi mai ajiya tsayayye: mai shagon bakin layi da ba ya rufewa, ko dattijuwar maƙwabciya da ba ta fita. Amma a roƙe shi tukuna, kowane saƙo da sanarwarsa, kada ya ga kwali kawai an dire masa. Ka sani kuma a fiƙihu ajiya amana ce, wanda ka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta sai in ya yi sakaci. Saboda haka kada ka ɗora wa mai shago kayan da in sun ɓata zumunci zai ɓaci, kuma ka kwashe kafin ya rufe. Littafi ƙarami a shagon, a rubuta rana da sunan mai kaya da wanda ya karɓa, yana kashe gardama da yawa, musamman a gidan haya mai ɗakuna goma.

Mai yawan karɓar kaya, kamar matan da ke saro kaya daga Kano ko Legas suna sayarwa daga gida, ya dace ya sa mai walda ya yi masa akwatin ƙarfe. Tsawo santimita 60, faɗi 45, zurfi 50 ya ishi yawancin kwalaye. Fallen ƙarfen ya kai kaurin milimita 2, in an matsa 1.5, ƙasa da haka da ƙaramin ƙarfe ake lanƙwasa shi. Irin wannan akwati nauyinsa bai fi kilo 25 zuwa 30 ba, mutum ɗaya zai ɗora shi a babur da kayan da komai, don haka akwatin da ba a kafe ba kyauta ce aka haɗa wa ɓarawo. A zuba masa dakali na kankare mai tudun santimita 15 zuwa 20, wanda zai kuma raba shi da ruwan damina, a dasa ƙarafa huɗu masu kaurin milimita 10 tun simintin yana ɗanye, a yi ta ba shi ruwa kamar mako guda, sannan a ɗaure akwatin da noti ta ciki ko a yi masa walda. Kada a dogara da bangon ƙasa ko bulo mai rami, ba sa riƙe ƙusa idan an fizga.

Wurare biyu ɓarawo ke dubawa: inda murfin ke juyawa da inda kwaɗo yake. Maƙalan murfin su kasance ta ciki, leɓen murfin ya sauko ya rufe bakin akwatin da kamar santimita 3 yadda ba inda za a zura ƙarfe a ɓanɓare. Kunnuwan kwaɗo a yi musu rumfar ƙarfe, hannu ya shiga amma zarto ko almakashin ƙarfe ba zai samu wuri ba. Kwaɗon ya zama mai datsewa ba tare da makulli ba. Kana barinsa a buɗe, mai kawowa ya saka kaya ya datse, ya turo maka hoto. Sai dai kwaɗon da aka bari a buɗe ana iya ɗauke shi, ko a musanya shi da irinsa wanda wani ke da makullinsa, shi ya sa ake haɗa shi da jikin akwatin da 'yar sarƙa a yi walda. Mai son kwaɗo mai lambobi ya sayi mai huɗu. Mai uku haɗi 1,000 kawai gare shi, mai haƙuri zai gwada su duka cikin kusan rabin awa, mai huɗu kuwa 10,000 ne. A sauya lambar bayan kowane saƙo. Ƙurar hunturu na cushe kwaɗo, kuma man inji ƙara tara ta yake yi. A goga bakin fensir a jikin makulli a zura sau da yawa, ya fi.

Wurin da ya fi dacewa shi ne cikin zaure, ko lungun get daga inda mai wucewa ba ya hangowa, kuma a inuwa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, cikin ƙarfen da rana ta buga kuwa ya fi haka nesa. Magani, turare, man shafawa, kayan kwalliya, abinci da duk abin da ke da batir ba a barinsu ciki. A huda ƙananan ramuka a gefe da ƙasa don iska da tsiyayar ruwa, a shimfiɗa katako a gindi. Ramukan nan suna da wani amfanin da ya fi kaya muhimmanci: akwati mai wannan girma yaro na iya shiga wasan ɓuya. Kada a sa masa sakatar da ke kulle kanta, kuma ranar da ba a jiran saƙo ya zauna a datse.

Fitila da kamara

Fitilar sola mai kamawa idan ta ji motsi, a saman ƙofa, tana da araha kuma tana korar mai raɓe-raɓe bayan magariba. Kamara kuwa ba ta hana ɗauka, tana nuna wanda ya ɗauka ne, shi ma in an kafa ta daidai. Saboda yanayin wuta, mai sola da batir da layin waya a ciki ta fi dacewa da mai jiran wutar NEPA. Kuskuren da aka fi yi shi ne kai ta can ƙarƙashin rufi don kada a sace ta, sai ta riƙa ɗaukar saman hula da rawani. Tsayin mita 2.2 zuwa 2.5 ya isa, kuma inda mutum zai tsaya kada ya wuce mita uku zuwa biyar daga gare ta. Kada ta kalli gabas ko yamma kai tsaye, hasken rana zai mayar da fuska baƙar inuwa. Masu batir barci suke yi sai motsi ya tashe su, sukan makara da daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma sun fi jin wanda ya gitta ta gabansu a kan wanda ya nufo su. A karkata ta yadda mai zuwa zai ratsa. Na'urar jin motsin ɗumin jiki take bi, don haka da tsakar ranar bazara, lokacin da iska ta kai zafin jikin mutum, takan yi rauni, a ƙara mata ƙarfin ji a saitinta.

A saka mata katin ajiya, mai 64GB ya wadatar idan motsi kaɗai take ɗauka, a daidaita kwanan wata da agogo, domin bidiyon da lokacinsa ya saɓa ba ya ƙarfi a matsayin shaida. Da hunturu a goge gilashinta da farantin solar duk mako. A lura da inda take kallo. Ƙofarka da zaurenka hakkinka ne, amma tsakar gidan maƙwabci ko ƙofar da iyalinsa ke fita ba naka ba ne. Ka kira shi ka nuna masa abin da take ɗauka, ya gani da idonsa.

Bayan an karɓa, da kuma idan an rasa

Kwalin da aka jefar a bola da hoton talabijin da sunanka da lambarka a jiki ya gaya wa unguwa abin da ya shigo gidanka, ya kuma ba mai damfara abin da zai kira ka da shi gobe. A ɓare takardar a yayyaga, kwalin a yanka a juya cikinsa. Masu sana'a a gida su daina saka hoton kaya a WhatsApp da rubutun "suna hanya, gobe za su iso". A bari su shigo tukuna.

Idan kaya ba su iso ba, awannin farko su ne masu amfani. Ka kira mai kawowa ka yi masa tambayoyi ƙanana: ƙarfe nawa, wace ƙofa, wa ka miƙa wa, wace riga ya sa, wa ke zaune a wurin. Ka nemi ya dawo ya nuna ƙofar da ƙafarsa, domin sau da yawa gidan kusa aka kai, kayan suna nan an rasa mai su. Ka cire bidiyon kamara kafin sabo ya hau kansa, ka tambayi masu shagon layin ko suna da tasu. Ka sanar da mai sayarwa ko kamfanin a rubuce a ranar, da hoton rasit, kada ka tsaya ga kiran waya kaɗai. Saƙon tasha a kai maganarsa ga shugabannin ƙungiyar direbobi na tashar, da lambar motar, su suka san yadda za su nemo direbansu. Kamfanin da ya ƙi sauraro ana iya kai ƙararsa hukumar kare hakkin masu saye ta tarayya, FCCPC, kuma NIPOST ce ke ba kamfanonin aika saƙo lasisi. Waya ko kwamfuta ko kaya masu tsada a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa tare da rasit, da lambar IMEI idan waya ce, a kuma gaya wa mai unguwa, domin in abin ya faru a gida biyu ko uku a layi ɗaya, shi ne zai fara haɗa labarin.

Abin da ba za a yi ba shi ne kama na kusa. Almajirin da ke yi wa gida aike da yarinyar da ke wanke-wanke su ake fara nunawa, don su ne ba su da mai tsaya musu, kuma sau da yawa ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ba a duka, ba a tara jama'a, ba a saka hoton yaro a Facebook da sunan ɓarawo. Ko kamara ta nuna fuska ƙarara, a kai bidiyon ga mai unguwa ko 'yan sanda, a kira iyayen yaron ko malaminsa a zauna. Ka riƙe kwafi ɗaya a wayarka, ka tura wani ga wanda ka amince da shi, ka rubuta sunan jami'in da ya karɓi rahoton da ranar da ya ce ka dawo.